Dalilin da Ya Sa Baiwar Allah Ke Shiga Ɗaki Ba Sallama

Ina neman afuwar masu karatu tun daga farko, domin sai da furfura ta fito mini sannan na koyi riƙe alƙalami, hannuna kuwa bai gama faɗawa ba.

Dalilin da ya sa baiwar Allah, 'yar tsuntsuwar nan ja, take shiga ɗakunanmu ba ta shakkar kowa, ga shi, yara. A da can a dawa take zaune, ko inuwar mutum ba ta yarda da ita ba. Wata shekara mafarauta suka cinna wa dawa wuta, sheƙuna suka ƙone ƙurmus. Ɗaya ce ta tsira da mijinta, suka faɗo bayan ɗakin wata mata mai suna Tasalla, tana cikin bakace.

Tasalla ta watsa musu tsaki, ta huda tsohon gora, ta rataye a jikin danga.

Tsuntsuwar ta ce, "Ku kuka ƙone mu, yanzu kuma da gida za a yaudare mu?"

Tasalla ta ce, "Haba, 'yar nan. Ƙwai ne a cikinki, ina za ki kai shi?"

Tsuntsuwar ta shiga, ta saka ƙwai. Kyanwa ta hau dangar ta kwashe. Tasalla ta mayar da goran can bisa zogale, tsuntsuwar ta sake sakawa, iskar damina ta jefo shi ya fashe da ƙwan. Tsuntsuwar ta ce, "Inna, wanda zan saka yanzu shi ne na ƙarshe. In ya tafi, irinmu ya ƙare."

Tasalla ta huda wani goran, ta ɗaure shi a jinka, cikin ɗakinta, ta naɗe asabarin ƙofa.

Mijinta Tanimu ya ce, "Ke Tasalla, feshi yana jiƙa shimfiɗa! Saki asabarin nan."

Ta ce, "Malam, in na saki, ta ina uwar za ta shiga? Matsar da tabarmarka."

Ta zauna bakin ƙofa tana kaɗi, muciya a gefenta saboda kyanwa. Haka suka yi ta shan feshi, Tanimu yana mita, ita kuwa ko gezau, har 'ya'yan suka yi fiffike suka fice ta saman kansa.

A ɗakin mutum suka buɗe ido, ba su san dawa ba. Shi ya sa har yau baiwar Allah take shigowa ba sallama, domin ba a yi wa ɗakin haihuwa sallama.

Inda na yi kuskure, ina roƙo a taimaka a gyara mini.