Idon Mantau da Rumbun Tabawa

An yi wani mutum a wani ƙauye, shekarun baya, ana ce masa Mantau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Bawan Allah ne kawai. Ku saurara, ku na baya ku bar surutun nan.

Maƙwabciyarsa wata tsohuwa ce, Tabawa, ba miji ba ɗa. Ruwan damina ya shiga rumbunta, dawar ta yi fumfuna, ta yi baƙi ƙirin. Mantau ya shiga ya kwashe mata, ya wuni yana shaƙar ƙurar. Ga shi dama mai ciwon suga ne.

Ba a daɗe ba hanci ya toshe. Majina baƙa. Kai kamar zai tsage. Sai idon hagu ya kumbura ya turo waje, yana ganin mutum ɗaya kamar biyu.

Me dangi suka yi? Asibiti? Ina! Wai Tabawa mayya ce, ta kama kurwarsa a cikin rumbu. Wansa Nomau ya sa aka turara shi da hayaƙi don ya kira sunanta, a jawo ta gaban jama'a ta tsallake shi, sannan a kore ta daga garin.

Nomau ya ce, "Kira sunanta mana! Kowa ya san ita ce."

Mantau ya ce, "Yaya, ban ga ta yi mini komai ba. Ku kai ni asibiti."

"Ba mai ɗaukar ka sai ka faɗa. Idonka zai tafi, sakarai!"

"To ya tafi. Ba zan yi mata ƙazafi ba."

Hayaƙi yau, hayaƙi gobe. Kun ji shirme? Sai da Tabawa ta dogara sanda ta kai kuka wurin mai unguwa, sannan aka ɗauki Mantau zuwa asibiti.

Likita ya yi masa aiki, ya ciro baƙar fumfuna daga kogon hancinsa. Ta ci har ta kai ramin ido. Ya ce da an zo da wuri da idon ya tsira. Na hagu ya mutu, na dama ya rage.

Da Mantau ya warke, sai ya ɗauki lauje. Ciyawa ya yanko, ya sake wa rumbun Tabawa jinka.

To ku fa? Shi ya ba da ido don kada ya yi ƙarya. Ku ko ƙaiƙayi bai shiga naku ba, kun riga kun kira sunan wata tsohuwa. Ku ji tsoron Allah. Ku kame bakinku. In hanci ya toshe har ido ya kumbura, ku kai mutum asibiti ranar, ku bar mana hayaƙin banza.