Tsagar da Nomau Ya Ɓoye a Kan Jita

An yi wani mutum a wani gari na bakin hanyar jirgin ƙasa, tun zamanin da ba kowa ya taɓa ganin jita da idonsa ba. Sunansa Nomau, kafinta ne, bawan Allah marar hayaniya. Kujera yake yi, da ƙyaure, da akwatin amare. In ya ce maka wannan katako maɗaci ne, to maɗaci ne, ba sai ka shinshina ba.

Na ga wani ya yamutsa fuska, wai me ya haɗa wa'azi da kayan kiɗa. Ɗan'uwa, zauna. Maganar amana zan yi, kuma amana ba ta zaɓar irin kayan da aka ba ka.

A garin akwai wani makaɗi ana ce masa Barau. Yana da wata tsohuwar jita da ya samo a Kudu, sai buhun gyaɗa ya faɗo mata a cikin mota ta ragargaje. Abin da ya tsira kawai ƙarafan murɗa tsirkiya ne, faranti biyu, kowane da mamurɗi uku, ana ɗaura ɗaya a kowane gefen kan jitar. Barau ya kwaso tarkacen ya kawo wa Nomau, ya haɗo da wani dogon katako ja nannaɗe da zane.

Ya ce, "Malam Nomau, duba wannan ka yi min irinta. Amma wuyan da kan, da wannan katakon nake so. Gefen gadon Innata ne. Ɗaya gefen gara ta cinye, wannan kaɗai ya rage min daga ɗakinta."

Nomau ya ce, "Ban taɓa yin jita ba, Barau."

"Na sani. Amma ba ka taɓa cutar kowa ba, shi ya sa na zo."

Nomau ya karɓa. Ya zauna da tarkacen nan yana juyawa yana aunawa, ya yanka, ya goge, ya lanƙwasa, ya manna da gam. Aiki ya yi kyau, har mutane suka fara tsayawa a bakin rumfarsa. Ya fafe ramuka biyu a kan jitar, ya huda gefe daidai inda sandunan ƙarafan za su shiga, suka kuwa shiga lafiya lau. Saura kawai a kafe farantan da 'yan ƙananan sukurori, wato ƙusoshin da ake murɗawa.

To ku saurara, nan ne wurin. Tsohon katako ya bushe, ba ya son a tura masa ƙarfe da ƙarfi. Sai an fara huda masa ɗan rami da basilla, sannan a sa sukuru a murɗa a hankali. Nomau ya san wannan tun yana koyon aiki. Amma ranar rumfa ta cika, ana ta cewa, "Kai, Nomau, ashe kai Bature ne!" Kansa ya ɗan kumbura. Ya huda na gefe ɗaya, da ya zo ɗaya gefen sai ya ga basillar ta faɗa cikin garin katako, ya ji nauyin ya tsuguna yana lalube a gaban jama'a. Ya dafa sukuru a kan katako ya murɗa.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, babu wanda ya ji sai shi. Da mutane suka watse ya cire farantin, ya ga tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga ramin sukuru ta ratsa har ramin da sandar ƙarfe take shiga. Gadon Innar Barau ne ya tsaga.

Maƙwabcinsa Jatau mai gyaran keke ya leƙo ya same shi zaune ya zuba wa abin ido. Ya duba, ya yi dariya.

"Wannan ce ta sa ka zama kamar wanda aka yi wa rasuwa? Kwaɓa garin katako da gam ka cusa, ka mayar da faranti. Wa zai gani? Barau da ko sunansa ba ya iya karantawa, tsagar ƙarƙashin ƙarfe zai karanta?"

Nomau ya ce, "In aka ja tsirkiya, nauyin a nan zai sauka."

"In ta karye bayan shekara, tsufan katako ne. Kai dai ka cika tsoro."

Da ma in ce muku Nomau ya kore shi. Bai kore shi ba. Ya kwaɓa garin maɗaci da gam, ya cusa, ya goge har shi kansa sai ya ƙura ido yake ganin wurin. Ya mayar da faranti ya rufe. Da ya koma gida matarsa Kande ta ajiye masa tuwo, ya yi loma biyu ya tsame hannu. Ta ce, "Malam, miyar ce ba ta yi ba?" Ya ce miya ta yi. Bai iya kallon fuskarta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Barau ya zo karɓa, da abokansa, da 'yan kallo. Nomau ya miƙa masa jitar da hannu biyu. Barau ya shafa wuyan, ya shafa kan, ya kai hanci ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Jama'a, ƙamshin ɗakin Inna ne wallahi. Malam Nomau, Allah ya jiƙan iyayenka. Mutum irinka, ko da ido rufe sai a ba shi amana."

Aka ce amin. Nomau ya kawar da kai.

Barau ya zauna a kan benci ya ɗaura tsirkiyoyi, ya fara murɗawa. Ya murɗa, ya taɓa, ya saurara, ya ƙara murɗawa. Kowane murɗi Nomau yana jinsa a ƙirjinsa. Da hannun Barau ya koma gefen da tsagar take, Nomau ya ji muryarsa ta fita tun bai shirya ba.

"Tsaya, Barau. Sassauta."

"Lafiya?"

"Sassauta, ka ba ni."

Nomau ya karɓa, ya kwance sukurorin a gaban kowa. Ya ɗaga farantin. Ya sa bakin wuƙa ya kankare abin da ya cusa, tsagar ta fito fili. Jatau ya sulale ya koma wajen kekunansa.

Nomau ya ce, "Ni na tsaga. Ban huda ba na murɗa. Sannan na rufe don kada ka gani."

 Barau ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ɗauki ɗan ɓurɓushin da aka kankare ya murza a yatsunsa.

Ya ce, "Tsagewa ƙaddara ce, Malam Nomau, katako ya tsufa. Wannan garin fa? Shi ma ƙaddara ce ta kwaɓa shi?"

 Barau ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, ya bar jitar a kan benci. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ashe dai kowane kafinta kafinta ne," aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Maganar ta zaga gari. Barau in ya hango shi a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen. Nomau kuwa ya koma sallah a sahun baya, yana sallamewa ya fice.

Amma bai jefar da aikin ba. Ya buɗe tsagar ya ɗura mata gam har ciki, ya matse ta bushe. Ya fafe ɗan gurbi a gicciye, ya dasa wani ƙaƙƙarfan farin katako ya riƙe ɓangarorin biyu. Wannan karon kowane rami sai da ya huda da basilla. Farin katakon ya leƙo ta gefen faranti, ana hango shi daga nesa a jikin jan maɗacin.

Jatau ya ce, "To ka shafa masa kala mana ya saje."

Nomau ya girgiza kai. Ya nannaɗe jitar da zanen da aka kawo katakon a ciki, ya tafi gidan Barau ya yi sallama. Barau ya fito, bai miƙa masa hannu ba. Ya warware zanen, ya ga farin tabon.

"Me ya hana ka rina shi?"

"Na gama ɓoye maka abu, Barau."

Barau ya zauna a dakali ya murɗa tsirkiyoyin nan shida har suka kai inda yake so. Katako ya riƙe. Ya ɗan kaɗa, ya tsaya, ya sa babban yatsa a kan tabon ya shafa. Sannan ya juya ya ɗaga murya cikin gida ya ce a kawo wa Malam Nomau ruwa.

'Yan'uwa, kun ji. Wannan bawan Allah ya yi kuskure, ya kuma ƙara da ɓoyewa, kuma ɓoyewar ce ta fi ƙona shi. Abin da ya cece shi, kunyar Allah ta fi masa kunyar mutane nauyi, ya zaɓi a yi masa dariya a rumfarsa. Mu fa? Kai mai gyaran waya da ka karya wani abu a ciki ka mayar da murfi. Kai tela da almakashi ya zarce ka ninke wurin. Kai bakanike da ka san notin nan ya lalace ka ce wa direba Allah ya kiyaye hanya. Mai kayan bai gani ba, amma akwai Wanda ya gani tun kafin ka rufe. In akwai abin da ka cusa wa garin katako, kada ka jira sai an ja tsirkiya. Gobe da safe ka nemi mai shi, ka buɗe masa da hannunka. Allah ya ba mu ƙarfin halin yin haka.