Bindigar Kaka a Aljihun Kwat

Akwai wani dattijo a garinmu, nan gabashin jihar Kentucky ta Amurka, ana ce masa Vernon Tackett. Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran mota, kuma sau biyu yana ceto tsohuwar motata daga hannun masu sayen ƙarfe. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye muku ba. Amma in ana maganar taurin kai, Vernon ba shi da na biyu a garin.

Shekaru da yawa da suka wuce wasu samari suka tare matarsa Loretta a gidan mai, suka ƙwace mata jaka, suka karya mata hannu. Tun daga ranar Vernon bai sake fita ba sai da ƙaramar bindiga a ƙugunsa. Ya yi kwas, ya karɓi lasisi, ya sayi kube mai shiga cikin wando, riga ta rufe. Da ita yake zuwa coci, da ita yake zuwa kanti, da ita ya je jana'izar Loretta lokacin da ciwon daji ya ɗauke ta.

Kullum harsashi yana bakinta a shirye. Ya kan ce bindigar da ba a ɗana ba guduma ce mai tsada kawai.

Ɗansa ɗaya ne, Curtis, direban motar kai kaya. Matar Curtis sunanta Darla, tana aiki a kicin ɗin makarantar firamare. 'Ya'yansu biyu: Lacey mai shekara shida, da Toby mai shekara uku. Bayan rasuwar Loretta, yaran nan su ne duk abin da ya rage wa Vernon. Ranar Lahadi bayan coci a gidansu yake cin abinci, kuma duk sauran kwanakin mako jiran Lahadi yake yi.

Toby kuwa sarkin ƙiriniya ne. An taɓa sauko da shi daga saman firij. Murfin kwalbar magani da manya ke fama da shi, shi a hannunsa wasa ne.

Wata Lahadi Vernon yana kokawa da yaran a kan darduma, rigarsa ta ɗage. Toby ya kai hannu ya kama gindin bindigar, ya ce, "Kaka, mene ne wannan?"

Darla tana tsaye a ƙofar kicin, ta gani. Ba ta yi magana a gaban yaran ba. Sai da suka fita tsakar gida ta zauna kusa da surukinta.

"Baba, abu ɗaya nake roƙon ka. In za ka shigo gidan nan, ka bar ta a mota, a kulle."

Vernon ya yi dariya. "Darla, shekara goma sha tara tana jikina. Kin taɓa jin ta yi ko tari?"

"Ba ita nake tsoro ba, Baba. Hannun Toby nake tsoro."

"To in wani ɗan iska ya faso ƙofar nan fa? Da ludayi za ki kore shi?"

"Ban hana ka riƙe abinka ba. Ka riƙe a coci, ka riƙe a hanya. Amma wannan gidana ne. In ka sake shigo da ita, shigowarka ta ƙarshe ke nan. Da girmamawa nake faɗa maka."

Curtis yana zaune yana kallon takalminsa. Washegari ya sayo akwatin ƙarfe mai makulli, ya ɗaure shi a ƙarƙashin kujerar motar mahaifinsa. Vernon ya yi alkawari, domin ya san Darla ba ta magana biyu, kuma bai ga yadda zai rayu babu yaran nan ba.

Lahadi uku ya cika alkawarin. Sai labari ya kai shagon da tsofaffi ke shan kofi kowace safiya, kun san su, bakinsu ba ya hutawa. Ɗaya ya ce ashe suruka ta kwance wa zaki ɗamara. Wani ya ce saura ta hana shi wuƙar yanka nama. Vernon ya yi dariya tare da su, amma abin ya ci masa rai.

Lahadi ta huɗu ya zauna a mota a ƙofar gidan, ya buɗe akwatin, ya rufe shi babu komai a ciki. Ya ce wa kansa ai amfanin ɓoyayyiyar bindiga shi ne ba wanda ya san tana nan. Ya shiga, ya ci abinci, ya yi wasa da jikokinsa, ba abin da ya faru. Ranar ce ta cuce shi, domin daga nan ya tabbatar wa kansa shi ne mai gaskiya.

Haka aka tafi har bikin Godiya ya zo, ƙarshen Nuwamba, ranar da dangi ke taruwa su ci abinci tare. A gidan Curtis aka taru, mutum wajen ashirin. Kamar kullum, duk wanda ya shigo sai ya wuce ɗakin baya ya jefa kwat ɗinsa a kan gado, har kwatuna suka yi tsibi.

A kan tebur, ana yanka talo-talo, yayan Darla ya tayar da zancen da ba ya ƙarewa. Malamin makaranta ne daga birni, kuma a ganinsa babu dalilin da zai sa mutum ya shiga kanti sayen madara da bindiga a wando. Vernon ya ce masa a birni 'yan sanda minti biyar suke zuwa, mu nan sai mutum ya mutu ya yi sanyi kafin su iso. Malamin ya ce yawancin bindigogin nan ba ɓarawo suke samu ba, mutanen gida suke samu. Vernon ya ce wannan sai ga sakarkaru, ba ga wanda ya san abin da yake yi ba.

Sannan ya faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta.

"Ni ai mai bin doka ne. Tambayi ƙanwarka. Tawa tana mota a kulle tun da ta ce."

Darla ta yi murmushi, ta ce gaskiya Baba ya ba ta mamaki. Ta ƙara masa yanki babba na kek ɗin kabewa. A daidai lokacin bindigar tana ƙugunsa, ƙarƙashin rigar sanyi, taku biyu daga kujerar Lacey.

Bayan an ci an ƙoshi, maza suka koma falo kallon ƙwallo, kowa yana sassauta bel. Vernon ya cika cikinsa, ƙarfen nan yana tokare masa ƙashin ƙugu, ya kasa kishingiɗa. Abin da ya kamata shi ne ya fita ya kulle ta a mota. Amma Darla tana wanke kwanuka, tagar kicin kuwa tana kallon inda ya ajiye motar. In ta gan shi ya sunkuya a kan akwatin, ta gane. Ƙaryar da ya yi a kan tebur ce ta tare masa hanya.

Sai ya lallaɓa ɗakin baya. Kuben a maƙale yake da bel, cire shi sai an kwance wando, don haka ya zare bindigar tsirararta, ya zura ta a aljihun kwat ɗinsa, ya cusa kwat ɗin can ƙasan tsibin. Ya ce minti ashirin kawai, abinci ya sauka. Ya koma kujera, barci ya ɗauke shi.

Duk wanda ya tashi a nan ya san babu wurin wasan da yara ke so ranar biki kamar gadon kwatuna. Su hau, su nutse, su laluba aljihuna ko za a dace da alewa.

Da ƙarar harbi ta tashi daga ɗakin baya, wasu sun ɗauka mafarauta ne a bayan tudu, lokacin farautar barewa ne. Darla ba ta ɗauka komai ba. Farantin da ke hannunta ya faɗi, ta ruga da gudu.

Lacey tana kwance a gefen gado. Toby yana tsaye a kan kwatuna, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, yana cewa ya yi ƙara, ya yi ƙara. Curtis ya danne ƙirjin 'yarsa da tawul har motar asibiti ta iso. Ba ta kai asibitin da rai ba.

Ɗan sanda ya ɗaga kwat mai ruwan ƙasa ya tambaya ko na wa ne. Kowa ya san shi. Vernon ya ce, "Nawa ne." Darla ta juyo ta dube shi, kuma ba ta sake ce masa komai ba har shekara uku.

Gari ya ɗauki zance. Masu son a hana ɗaukar bindiga suka ce ga shi nan, mun faɗa. Masu riƙewa suka ce laifin mutum ɗaya ne, kada a shafa wa kowa. Aka yi ta fafatawa a rediyo da shagon kofi, har wasu sun manta sunan yarinyar. Wasu kuma suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni wannan ta fi ba ni haushi. Tsautsayi bai ɗana harsashi ba, bai yi ƙarya a kan tebur ba.

Ba a ɗaure Vernon ba. Ya kwashe bindigoginsa duka ya miƙa wa 'yan sanda, ya daina zuwa shan kofi, ya rame har bel ɗin nan ya yi masa yawa. Bayan jana'iza Curtis ya same shi a wajen coci, ya ce masa kada ya zo gidan, kada ya kira. Vernon ya ce to.

Shekara uku bai ga Toby ba. Sai wata ranar Alhamis waya ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ji muryar Darla.

Toby ya shiga aji ɗaya, ta ce. A motar makaranta wani yaro ya ce masa, kai ne ka harbe yayarka. Tun ranar ya daina cin abinci sosai, ya koma fitsarin kwance.

"Na faɗa masa ba laifinsa ba ne. Babansa ya faɗa, likita ta faɗa, fasto ya faɗa. Sai ya ce, to laifin wa ne? Ni na gaji da neman amsa. Ka zo ranar Lahadi ka ba shi."

Lahadi da rana Vernon ya zo. Darla ba ta buɗe masa ƙofa ba, ta turo yaron baranda, ta tsaya daga ciki tana ji. Toby ya yi tsawo, ba ya kallon mutane a ido. Vernon ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Toby, ka gane ni? Ni ne Kakanka."

Yaron ya gyaɗa kai.

"Bindigar nan tawa ce. Ni na sa mata harsashi, ni na kawo ta, ni na ajiye ta inda za ka samu. Mamanka ta ce kada in shigo da ita, na ƙi ji, na yi mata ƙarya. Ni na kashe Lacey. Ba kai ba ne."

Toby ya daɗe yana murza bakin rigarsa. Can ya ce a hankali, "Ni ma Mama ta ce kada mu shiga ɗakin. Ni ma ban ji ba."

Ashe abin da yaron ke ɗauke da shi ke nan shekara uku, bai faɗa wa kowa ba. Daga bayan ƙofa aka ji Darla ta toshe bakinta.

Vernon ya kama kafaɗunsa, hawaye na zuba masa. "Kai shekararka uku a lokacin. Yaro mai shekara uku aikinsa ke nan, ya shiga inda aka hana. Ni shekarata sittin da huɗu. Ni ne ya kamata in ji magana."

Yaron ya jingina kansa a kafaɗar tsohon, ya yi kukan da ya daɗe bai yi ba.

Da Vernon ya miƙe zai tafi, Darla ta yi magana ta cikin ragar ƙofa.

"Ban yafe maka ba, Baba. Ban san ko zan iya ba. Amma zai sake tambaya, in ya kai takwas, in ya kai goma sha biyar. Ka dawo Lahadi mai zuwa ka sake faɗa masa."

Shekara biyu ke nan yanzu. Duk Lahadi bayan coci za ka ga motarsa a ƙofar gidan. Yana zaune a baranda da jikansa, wani lokaci suna haɗa ƙaramar motar wasa, wani lokaci yaron ya sake tambaya, shi kuma ya sake faɗa, kalma ɗaya ba ya ragewa. Har yau ƙafarsa ba ta taka cikin gidan ba, kuma bai taɓa roƙo ba.

Darasi: Ko kana ganin ɗaukar bindiga haƙƙinka ne, ko kana ganin masifa ce, hannun yaro bai san muhawararku ba. In akwai makami a gidanka, ka cire harsashi ka kulle shi, kada ka ce "na ɓoye". In uwa ta kafa doka a gidanta saboda 'ya'yanta, ka bi, ko da abokanka za su yi maka dariya, domin dariyarsu kwana biyu ce, wanda bai ji bari ba kuwa zai ji hoho har ƙarshen ransa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da makami da ƙananan yara a gida ɗaya, kafin wani bikin ya zo.