Rijiyar Shehu Mai Tsamiya

Ku gyara zama ku saurara, don in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ba ni ba.

A wani gari akwai zawiyar Shehu Mai Tsamiya. Shehun ya daɗe da rasuwa, ya bar wa muridansa wuridi, da rijiya a tsakar zawiya, da magana guda da kowa ya haddace: "Kada a hana kowa ruwan nan." Halifansa shi ne Malam Tukur, mutum mai tsoron Allah, wanda bai taɓa sauya ko wasali a karantarwar Shehu ba. Kowace Juma'a bayan zikiri shi da kansa yake jan guga, yana ba jama'a su sha don neman albarka.

Wata damina amai da gudawa ya ɓarke a unguwar. Cikin muridai akwai Sidi, ma'aikacin asibiti, ya lura yawancin waɗanda ake kawo musu 'yan zawiya ne. Ya ɗebi ruwan rijiyar ya kai aka auna, aka tarar ƙazantar masan maƙwabta ta tsiyayo ciki. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, rijiyar nan ce ke kwantar da mu. A rufe ta."

Malam Tukur ya ce, "Ruwan Shehu kake kira cuta? Boko ya cinye maka yaƙini."

Aka kori Sidi daga da'irar zikiri, ana ce masa munafuki. Bai yi zuciya ba, ya tsaya bakin ƙofa yana roƙon masu shiga kada su sha.

Ranar Juma'ar nan Ladidi, matar ladanin zawiya, ta sha daga hannun Malam Tukur. Kafin wata Juma'ar an kai ta makwancinta. Shi ya yi mata salla, amma ya kasa ɗaga ido ya dubi mijinta. Ya koma gida ya kulle kansa, abinci ma sai a ɗauke yadda aka ajiye. Ya san gaskiya na wajen Sidi, ya san bakinsa ne ya tozarta shi. Amma ta yaya zai rufe abin da Shehu ya ce kada a hana kowa?

Sai Goggo Uwani, 'yar Shehu, tsohuwa tukuf da idonta ya dushe, ta sa aka riƙo hannunta har zaurensa. Ta ce, "Tukur, kana nan ranar da Baba ya yi maganar? Ni ina nan. Shekarar fari ce, 'yan gari suka hana baƙin makiyaya ɗiban ruwa. Ƙishirwar mutane ya ji wa tausayi, ba ramin ba. Kai ka haddace bakinsa ka bar zuciyarsa." Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san wannan.

To amma jama'a ba za su bar rijiyar don Sidi ba, ba kuma don tsohuwa ba. Sai in Halifa ya faɗa. Da Juma'a ta zo, Malam Tukur ya miƙe tsakiyar da'ira, ya cire rawani. Ya ce, "Da hannuna na ba Ladidi abin da ya zama sanadinta, bayan an gargaɗe ni." Ya nemi gafarar ladan, ya je har ƙofa ya durƙusa wa Sidi. Malam Tukur da kansa ya ɗora wa rijiyar murfi, ya jera randunan tafasasshen ruwa a ƙofar zawiya, kowa ya zo ya sha. Wasu muridai suka fice suna cewa ya ci amanar Shehu, har tofar da yawu aka yi a gabansa. Amma cutar ta lafa, zikiri kuma bai tsaya ba.

Bayan haka ya ajiye carbin Shehu, alamar halifanci, a kan buzu, ya ce kunya ba za ta bar shi ya ƙara riƙe shi ba, a ba wanda ya raya maganar Shehu.

Nan muridai suka rabu. Wasu suka ce Sidi, don ba don shi ba da har yanzu ana sha ana mutuwa. Wasu suka ce Goggo Uwani, don ba don ita ba da an rufe rijiya tare da maganar Shehu. Wasu suka ce a mayar wa Malam Tukur, don shi ya zubar da girmansa a bainar jama'a, ko da yake Ladidi ba za ta dawo ba.

To, ku da kuka ji, a hannun wa ya kamata a danƙa carbin nan?