Manomin da Ya Ƙi Juye Baƙin Mai

Akwai wani manomin citta a wani ƙauye da ke gindin dutse. Shekarar da citta ta yi daraja, ya sayi wata ƙaramar mota ta hannu, mai shan fetur. Injinta ɗan ƙarami ne, fistin uku gare shi. Ba ya gudu irin na manyan motoci, amma ba ya shan mai da yawa, ba ya kuma gardamar tashi. Ko da sanyin safiya, da an murɗa makulli sai ya amsa.

Wanda ya raka shi saye shi ne Zakka, ɗan ƙanwarsa, bakanike mai gareji a cikin gari. Da Zakka ya gama sauraron injin, ya ce, "Kawu, ka dace. Irin wannan injin jaki ne. Fulogi mai ba inji wuta zai mutu, a canja. Lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, zai yi yoyo, a liƙe. Duk waɗannan ƙananan ciwo ne. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, shi ne tsohon baƙin mai. In lokaci ya yi, ka kawo ta mu kwance notin ƙasa, mu juye tsohon duka, mu canja filta mai tace man, sa'an nan mu zuba sabo."

Mutumin ya ce, "Na ji."

Da lokaci ya yi, ya kai ta. Zakka ya kwanta a ƙarƙashin motar ya kwance noti, mai ya zubo cikin roba har ya kusa cika ta. Sai ran mutumin ya ɓaci. Shi mutum ne da ba ya yar da kome. Tsohuwar fartanya takan zama wuƙa a gidansa, yagaggen buhu yakan zama igiya.

Ya ce, "Duk wannan kawar da shi za ka yi?"

Zakka ya ce, "Ya mutu, Kawu."

"Mai yana mutuwa? Yaushe aka yi jana'izarsa ba a gaya mini ba?"

Zakka ya yi dariya. Mutumin bai yi ba. Tun daga ranar bai sake kai motar juye ba. Ya samo tasa dabara. Yakan sayi kwalbar baƙin mai a bakin hanya, ya buɗe bonet, ya zaro geji, wato sandar ƙarfen da ake auna mai da ita, in ya ga ya ragu sai ya ƙara. Kullum ƙari, babu juye.

Matarsa Briskila tana toya ƙosai a ƙofar gida. Wata rana ta gan shi yana ƙari, ta ce, "Baban Afiniki, ko ni mai kasko na sani, in na zuba sabon mai a kan ƙonanne, duka ɗaci suke yi."

Ya ce, "Mota ba kasko ba ce. Ki kula da ƙosanki."

Motar kuwa ta ci gaba da aiki. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta zo. Ta kai citta kasuwa, ta kai marasa lafiya asibiti, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Duk wanda ya yi masa zancen juye sai ya buga bonet da tafin hannu ya ce, "Ga ta nan. Ta taɓa kawo muku ƙara?"

Daga baya injin ya fara wani ƙas-ƙas da safe, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wata jar fitila mai hoton buta ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari. Mutumin ya zaro geji, ya ga mai cike. Ya ce, "Fitilar ce ta haukace." Ya ɗauko hoton 'yarsa Afiniki ya jingina a wurin, ya rufe fitilar. Daga nan in ya duba, fuskar 'yarsa yake gani tana murmushi.

Afiniki ita kaɗai ce 'yarsa. Tela ce a cikin gari, tana cikin ƙungiyar mawaƙa a majami'ar can, a can kuma za a ɗaura aurenta da saurayin da take so. Tsakanin ƙauyen da gari akwai dogon hawa na kan dutse. Abu ɗaya Afiniki ta roƙi ubanta: ya riƙe hannunta ya shiga da ita majami'a, ya ba da ita da bakinsa.

Ana sauran kwanaki kaɗan aure, amarya ta dawo gidan iyayenta, Zakka ya zo gaisuwa, ya ji ƙarar injin. Ya ce, "Kawu, wannan kukan ba na lafiya ba ne. Ba ni ita yau in duba. In kuwa ba haka ba, a ɗauki amarya a motata."

Mutumin ya ce, "'Yata ba za ta shiga motar aro ba, ubanta yana da mota."

Ranar aure ya wanke motar har tana ƙyalli, aka ɗaura mata ƙyallaye da balan-balan. Dangi duka sun riga sun yi gaba a babbar mota. Ya sa sabuwar babbar riga, amarya da uwarta suka shiga baya, suka kama hanya.

A tsakiyar hawa ƙas-ƙas ɗin nan ya zama ƙwal-ƙwal, kamar maƙeri yana dukan ƙarfe. Motar ta yi jijjiga, ta tsaya. Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru.

Sai ga wani mai mashin. Briskila ta tsai da shi. Afiniki ta tattare farar rigarta ta hau, uwarta ta hau bayanta. Afiniki ta ce, "Baba, ka bar ta nan. Mashin na gaba da ya zo, ka hau."

Ya ce, "Ku je, ina bayanku. Na san halinta. Ƙari take so."

Suka tafi. Ya buɗe bonet ya zuba mai. Wani mai mashin ya zo ya ce, "Baba, in kai ka?" Ya ce, "Yanzu za ta tashi." Ya sake zubawa har mai ya malalo ya ɓata masa hannun riga. Motar ba ta tashi ba. Da ya haƙura ya ɗaga kai, hanya babu kowa. Ya kama tafiya a ƙasa.

A majami'a fasto ya jira. Mawaƙa suka rera waƙoƙinsu suka ƙare, suka sake daga fari. Rana ta yi sama, baƙi suka fara gunaguni. A ƙarshe fasto ya miƙe ya ce, "Wa ke ba da wannan amarya?" Sai ƙanen mutumin ya tashi ya ce, "Ni ne."

Da mutumin ya iso, jama'a suna fitowa, ana guɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hannun rigarsa baƙi ƙirin. Afiniki ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce kawai, "Baba, na yi ta duban ƙofa."

Bayan biki Zakka ya jawo motar gareji, ya buɗe ƙasan injin, ya kira kawunsa ya gani. Tsohon mai ya daskare kamar kwalta, ya toshe rariyar da mai ke bi ya hau cikin injin.

Mutumin ya ce, "Amma geji cike yake."

Zakka ya ce, "Cike yake, Kawu. Duk wanda ka zuba yana nan, bai sami hanyar shiga ba. Injin ya mutu da ƙishi a bakin rijiya."

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru. Amma sai an sauke shi, an wanke cikinsa duka."

Mutumin ya ce, "Sauke."

Injin ya gyaru, yana aiki har yau. Mutumin da kansa yake shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙasa ya kwance noti. Amma ba a ɗaura aure sau biyu.

Ga ma'anar misalin, ku ji da kyau.

Injin shi ne zuciyarka. Tsohon mai shi ne zunubin da ka ƙi furtawa: gabar da kake yi da ɗan'uwanka, iyakar gona da ka tura, ƙaryar da ka saba da ita har ta zama kamar gaskiya. Ƙari shi ne zuwa sujada, da baiko, wato sadaka a majami'a, da waƙa, da azumi. Duk abubuwa ne masu kyau, sabon mai ne. Amma in ka zuba su a kan tsohon da ka ƙi fitarwa, ba za su shiga ba. Mutane za su auna ka su ga cike kake. Ciki kuwa ƙarfe yana cin ƙarfe.

Injin nan ya daɗe yana haƙuri, mutumin ya ɗauka haƙuri yarda ne. Haka muke yi da Ubangiji. Don bai tsai da kai a hanya jiya ba, sai ka ce ya amince. Bai amince ba. Lokaci yake ba ka. Jar fitila ita ce lamirinka, da bakin masu gaya maka gaskiya. Kada ka rufe ta, ko da abin da ka fi ƙauna ne. Wanda za ka ji wa ciwo ranar da ka tsaya, shi ne wanda ka jingina hotonsa a wurin.

Juye shi ne tuba. Na san dalilin da ya sa ba mu son sa. Mai ƙari a tsaye yake yi, da rigarsa mai tsabta, mutane suna gani. Mai juye sai ya kwanta a ƙasa, baƙin abin da ke ciki ya zubo a fili. Babu wata hanya. Notin a ƙasa yake.

Amma kada kowa ya ce nasa ya wuce gyara. Wanda ya ƙera zuciya ya san cikinta, bai taɓa mai da wanda ya zo masa ya ce "sauke" ba. Kowane bakanike kuma zai gaya maka, mai ya fi fita tun injin yana da ɗumi. In maganar nan ta ɗuma zuciyarka, kada ka bari ta huce. Akwai mai duban ƙofa yana jiran ka.