Tulun Gwamma

A zamanin da dajin yamma da gulbi bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Jatau ya sauka a gindin wata kuka tare da matarsa Gwamma. Shi yana harbi, ita tana noma. Geronta ya yi albarka har mutane suka biyo su, wurin ya zama gari. Ayarin gishiri ya riƙa sauka yana musaya da hatsi, masaƙa da marina suka kafa sana'a.

Sai fara ta zo. Tsofaffi sun ce ta rufe rana har kaji suka shige akurki da hantsi. Ta cinye gero, ta cinye auduga, shekara ta zagayo farar ta sake dawowa. Ayari ya iso bai tarar da hatsi ba, ya sauya hanya. Masaƙa suka rasa zare, karofi ya bushe, namun daji ma suka yi ƙaura. Mutane suka share rumbuna, suka cinye har irin shuka.

Gwamma kaɗai ta rage da iri, tulu guda. Ta gauraya shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gado.

Yunwa ta kwantar da Jatau. Wata rana ya ce, "Gwamma, na san abin da ke ƙarƙashina. Ko ludayi ɗaya na kunu."

Ta ce, "Maigida, in na ɗora turmi, maƙwabta za su ji daka, kuma ba ni da idon hana 'ya'yansu. Damina za ta same mu hannu wofi."

Ya kalle ta, ya yi ɗan murmushi. "Na harbi ɓauna, ba ta kai ki taurin kai ba. Bar shi."

Ya rasu kafin ruwan farko.

Da ruwa ya sauka, ta fasa lakar, ta bi gida gida tana raba iri da tafin hannu. Gero ya yi, gari ya rayu, ko da yake ayari bai ƙara dawowa ba. Maroƙa suka yi mata kirari: "Uwar iri, mai tulu ɗaya da ya ciyar da gari!" An ce ta hana su, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara shan kunun gero ba.

Har yau a garin Kukar Jatau, kowane gida yana liƙe tulun iri da laka, ba a fasawa sai ruwa ya sauka. In an dama kunun sabon gero kuwa, ba mai kai shi baki sai an ɗebi ludayin farko an kai wa mara lafiya. Shi ake kira ludayin Jatau.