Mangwaro a Gwangwani

Akwai wani manomi da matarsa a wani gida da ya yi musu girma. 'Ya'yansu biyar sun tashi sun watse. Abin da ya rage nasu sai itatuwan mangwaro biyar a jere bayan danga, gama al'adar gidan ce tun daga kaka: ranar da aka raɗa wa yaro suna, a dasa masa itace.

Wata Lahadi bayan sujada a coci, wata mace mai suna Malama Liatu ta yi sanarwa. Ita ma'aikaciyar wata ƙungiya ce mai nema wa yara gidajen riƙo, yaran da iyayensu suna raye amma wahala ta hana su riƙe su. Matar manomin ta zungure shi da gwiwar hannu. Mako biyu tana yi masa maganar safe da yamma, har ya ce to.

Ba a ba su yaro nan take ba. Malama Liatu ta zo a kan babur sau uku. Ta duba ɗaki, ta leƙa rijiya ta ce a yi mata murfi, ta tambayi fasto da mai unguwa halinsu. Asabar uku suna zuwa ana koya musu riƙon ɗan wani, shi da ya reni 'ya'ya biyar. Ranar da zai dangwala yatsa a takarda, ta ce kada ya manta abu ɗaya: yarinyar da za a ba su ba tasu ba ce. Uwarta tana jinya a asibiti, ran da ta warke za a zo a ɗauke ta.

"Aro ke nan," in ji shi.

"Amana dai, Baba."

Ya dangwala.

Aka kawo yarinyar. Sunanta Biriskila, shekararta takwas, gida biyu ta zauna kafin nasu. Kayanta ƙulli ɗaya ne da wani gwangwanin madara da ta rungume. A cikinsa akwai ɗan tsiron mangwaro, wanda ta shuka ƙwallonsa tun a gidan farko.

Manomin kuwa ya san dokar gonar aro, don ya noma ta shekara da shekaru. Ana shuka mata gero da wake, abin da za a girbe bana. Ba a zuba mata taki da yawa. Ba a dasa mata itace, gama dasa itace kamar cewa ne gona ta zama taka, mai ita kuwa ba zai yarda ba. Da wannan doka ya riƙe yarinyar. Ta ci ta ƙoshi. Ya sa ta makaranta, ya saya mata takalmi da gidan sauro. Amma bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, ko sunanta bai kira. "Ke" ce kawai. A ransa ya ce wanda bai saba ba, rabuwa ba ta cinsa.

Duk da haka bai sami sukuni ba. In yana noma ya ji ƙarar babur, sai ya miƙe ya tsaya har ta wuce. Ya je gona ya dawo ba dalili, ya koma. Ya kwance dangar da ba ta lalace ba ya sake ɗaurewa. Matarsa ta ce masa yana zirga-zirga kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya ce ciwon baya ne. Ta ce ita dai ciwon bayan da ta sani kwantar da mutum yake yi.

Kowace yamma Biriskila takan ba itatuwan nan biyar ruwa, ba wanda ya sa ta. Ragowar ta zuba wa gwangwaninta, wanda take ajiyewa a bakin ƙofa kusa da ƙullin kayanta. Ganyen tsiron ya fara yin rawaya. Manomin ya san dalili da kallo ɗaya: saiwa ta cika gwangwani, ta rasa inda za ta. Kwana goma yana wucewa yana kauda kai. Ran na sha ɗaya ya tsaya.

"Ke, abin nan zai mutu."

"Na sani, Baba. To in na sa shi a ƙasa aka zo ɗaukata fa?"

Ya tafi gona, sai da ya isa ya ga bai ɗauko fartanya ba.

Ana nan, babur ɗin da yake tsoro ya tsaya a ƙofar gida. Malama Liatu ta ce uwar ta sami sauƙi, bayan mako uku, da an ba da hutu, za a mai da yarinyar. Sai ya ga duk kauda kan da ya yi bai rage masa kome ba. Ya ji zafin wanda ya saba, ga shi kuwa yarinyar ba ta ci moriyar sabon ba.

Ya tashi ya zagaya bayan danga, ya dawo, ya sake zagayawa. Sa'an nan ya tambayi Malama ko takarda ta hana a dasa wa yarinya itace. Ta ce ba ta hana ba. Ya ce ba takardar ce ta dame shi ba, uwar ce, kada ta ɗauka yana neman ƙwace mata 'ya. Malama ta kira uwar a waya ta faɗa mata. Uwar ta ce a dasa, 'yarta ta sami inda za ta riƙa zuwa shan mangwaro.

Ya auna taku goma daga itace na biyar, ya haƙa rami. Ya kawo takin awaki kwando guda. Saiwar ta ƙi fita, sai da ya tsaga gwangwanin da wuƙa, ya warware ta da yatsunsa a hankali.

"Biriskila, zo ki riƙe."

Ta riƙe, ya tura ƙasa. Ta ce in ta tafi wa zai ba shi ruwa. Ya ce, "Ni."

Ranar tafiya shi ya ɗaure mata ƙullinta a bayan babur. Bai ci tuwo ba ran nan. Da yamma ya ɗauki bokiti ya zagaya bayan danga, ya tarar tsiron ya fitar da sabon ganye ja. Bayan girbi Malama Liatu ta dawo, tana jin nauyin tambaya, ta ce akwai wani yaro. Manomin ya tashi. Ya zagaya bayan danga, suka ji shi yana ƙirga taku daga itace na shida.

Ga ma'anar misalin. Gwangwanin nan zuciyar yaron da ake yawo da shi gida gida ce. Tuwo da takalmi ba sa fitar da ita, sai an ba ta ƙasa. Da yawa a cikinku sun ji kira irin na Malama Liatu, suka ce ba za su iya ba, za su saba a ƙwace musu. Gaskiya ne, zai yi zafi. Amma sabon nan da kuke gudu, shi ne abin da yaron ya zo nema. Waɗanda kuka haifa ma, wa ya ce muku naku ne? Ubangiji ya ba ku riƙo, bai faɗa muku ranar da zai aiko ba. Mai gonar ya riga ya yarda. Ku zuba taki, ku dasa.